Hoto ɗaya kullum a damina: da waya za ka zaga Kano ko da kyamara?

Sharaɗin ba shi da wuya a baki. Kwana talatin, kullum ka fita da ƙafa, ka dawo da hoto guda wanda a ranar ka ɗauke shi, ba wanda ka tono daga tsofaffin hotunanka ba. Lokacin da ya fi dacewa da wannan a Kano shi ne dogon hutun makaranta, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Zafin Afrilu da Mayu ya wuce, ƙurar hunturu ba ta iso ba, ruwa ya wanke sama, ciyawa ta fito har a kan abin da ya rage na ganuwa. Duk wanda ya ɗaura wannan niyya, tambayar da ke fara tare shi ita ce: wayar da ke aljihuna ta isa, ko sai na nemi kyamara?

Ni dai a ganina, mafi yawan mutane waya ya kamata su ɗauka. Amma akwai wurare a birnin nan da kyamara ke yi wa waya fintinkau, kuma akwai wani dalili da bai shafi kyawun hoto ba sam, wanda zai iya sa mai hankali ya bar wayarsa a aljihu. Abin da za a auna su da shi ba hoton ranar farko ba ne, lokacin da ɗoki ke ɗibar mutum. Ranar sha bakwai za a duba: an kwana ana ruwa, takalmi bai bushe ba, lungu ya cika da taɓo, ba wuta tun jiya. Wanne ne cikin biyun zai bar ka ka fita a wannan rana? Wani Ba'amurke mazaunin Niyok mai suna Jamie Livingston ya ɗauki hoto ɗaya kullum da kyamarar Polaroid tun daga 1979 har ranar da ya rasu a 1997. Da yawa cikin hotunan nasa ba su da wani kyau na a zo a gani, wasu ma dishi-dishi suke. Abin da ya sa ake maganarsu har yau shi ne bai daina ba.

A fara da nauyi, don shi ne ake rainawa. Irin kyamarorin da suka fi yawa a hannun masu sitidiyo da masu hoton biki, kamar Canon 600D da ta fito a 2011 ko Nikon D3200 ta 2012, idan aka haɗa da ƙaramin idon (wato lens) da ake sayar da su da shi, sun doshi giram 800. Waya ba ta cika wuce giram 200 ba. A shago ba za ka ji bambancin ba. Sai ka taso daga Ƙofar Mata, ka ratsa Kurmi, ka nufi Dala, igiyar ta jiƙe da gumi tana cin wuyanka. Ga kuma la'asar ta riske ka a hanya. Za ka tsuguna alwala, ina za ka ajiye jakar? Ka shiga sahu, ka ajiye ta a gabanka, rabin hankalinka yana kanta. Waya kuwa tana aljihun gaba, ka ma manta da ita.

Inda maganar ta fi zurfi shi ne yadda mutane ke kallonka. Ka shiga Kasuwar Kurmi da baƙar kyamara a ƙirji, kafin ka yi taku goma an fara tambaya: "Malam, daga wace jarida?" Wani ya ce, "Turawa za ka sayar wa?" Yara su biyo ka suna "a ɗauke ni, a ɗauke ni", kowa ya ɗaga yatsu biyu. Dattijon da ka hango yana ɗinkin rigar sirdi, kai a sunkuye, allura a baki, wanda shi ne ya tsayar da kai, yanzu ya ajiye aikin, ya gyara zaman hula, ya ƙame yana kallonka kamar mai hoton fasfo. Abin da ka gani ya tafi. Kyamara tana shelar zuwanka tun daga nesa.

Amma kada a yi saurin ba wa waya nasara a nan. Kyamara tana ba ka matsayi da mutane suka sani. Mai hoto sana'a ce, kowa ya gan shi a wurin ɗaurin aure da kamu da saukar karatu, an san abin da yake yi. Wanda ya ɗaga waya ya saita mutum kuwa, ba a san nufinsa ba, kuma tun da aka fara ganin bidiyon bayin Allah yana yawo a TikTok ba da saninsu ba, mutane da yawa sun fi tsoron waya a kan kyamara. "Kar in gan ni a intanet fa" magana ce da za ka ji ta fi a ƙirga. Sannan waya tana da wata jaraba: saboda ba a lura da ita, sai ta koya maka satar hoto. Ka yi kamar kana duba saƙo, ka danna, ka wuce. In aka kama ka a haka a cikin gari, bayani ba zai yi maka amfani ba, kuma gaskiyar mai faɗan ce.

Abin da ke aiki da ko wanne ka riƙe shi ne sallama da zama. "Salamu alaikum Baba, sannu da aiki. Ya kasuwa?" Ka tsuguna, ka tambayi abin da yake yi, ka bari ya nuna maka bambancin jar fata da aka jeme da kyau da wadda aka yi wa gaggawa. Sai can ka ce, "Baba, in ba damuwa ina so in ɗauki hoton hannunka kana aikin nan." Sau da yawa zai ce, "Hannu kawai? To ɗauki mana, ɗana." In ya ce a'a, ka yi godiya ka tashi. A irin wannan zama waya ta fi sauƙi, don kana gamawa za ka miƙa masa ya gani a babbar fuskar wayar, maƙwabcinsa ya leƙo, a yi dariya, in yana da WhatsApp ka tura masa nan take. Da kyamara sai dai alkawarin "zan wanko in kawo", kuma masu hoto sun ɓata wannan alkawari tun ba yau ba. In ka yi shi, ka cika. Matan aure da 'yan mata masu talla kuwa, shawarata a bar su gaba ɗaya sai in 'yan uwanka ne. Makarantar allo ma malam ake fara gaisarwa a nemi izini. Kuma bari in faɗi wannan ko da zai ɓata wa wasu rai: hoton almajiri riƙe da roba ya ishe mu haka. Shi ne hoto mafi arha a Kano, yaron ba shi da bakin hanawa, kuma ba ya gaya wa kowa abin da bai sani ba.

Marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita ke cewa tun 1498 take, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta saba da baƙi, don haka a can ba tambayar "don me" za a yi maka ba, maganar ɗan abin goro za a yi. Mai babbar kyamara ana yi masa kallon mai kuɗi, wannan kuma ba sai an faɗa ba. Amma wurin yana nuna wani bambanci da ya kamata a gani da ido. Marini yana zaune a bakin rijiyar rini, ya tsoma ƙyalle cikin ruwan baba da toka, ya ɗago, ya matse. A daidai lokacin da ƙyallen ya fito yana da ɗan kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idonka, sai ya sake tsomawa, a hankali launin yana ƙara duhu. Waya ba ta son wannan shuɗin yadda yake. Manhajarta tana ƙara masa armashi da kanta, sai baƙin shunin da ka gani ya fito kamar shuɗin bokitin roba. Kyamara, musamman in ka ajiye hoton a tsarin RAW, wato ɗanye ba tare da ta dafa maka shi ba, tana barin launin a inda yake. Wasu wayoyin ma suna da wannan tsari a ɓangaren ƙwararru, sai dai mutum ya lalubo shi. Wanda launi ne ya fito da shi, rini da jan bango da koren ciyawar damina, ya san da wannan.

Tun da an zo maganar abin da waya ke yi ba a sa ta ba, akwai abubuwa biyu da za a kashe tun ranar farko. Na ɗaya gyaran fuska. Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion ne ke yin su, sun yi suna wajen fitar da baƙar fata da kyau, kuma sun cancanci yabon. Amma in aka bar gyaran fuska a kunne, zai shafe tamojin fuskar tsoho, ya dusashe tsagar gado, ya mai da ɗan shekara saba'in sumul. Na biyu sunan wayar da ke fitowa a gindin hoto.

Haske kuma, damina tana yi wa mai waya gata. Rana tana fitowa jim kaɗan bayan ƙarfe shida, ta faɗi dab da bakwai na yamma, kuma ranaku da yawa gajimare ne ke rufe sama, haske ya yi laushi, ba inuwa mai kaifi a ƙarƙashin hula. A irin wannan yini, in aka ɗora hoton waya da na kyamara a Instagram, wanda ke rage faɗin hoto zuwa kusan ɗigo 1080, ba kowa zai bambance su ba. Kada kuma lambar megafiksel, wato yawan ɗigon da ke cikin hoto, ta ruɗi kowa. Wayar da aka rubuta wa 108 tana haɗe ɗigo tara-tara ne ta ba ka hoto mai 12, mai 50 kuma tana haɗe huɗu-huɗu. Abin da ke raba su da kyamara girman sensa ne, wato ɗan allon da haske ke sauka a kansa. Na irin kyamarorin da na ambata ya kai wajen milimita 23 a 15, ya ninka na yawancin wayoyi fiye da sau goma.

Wannan ninki yana bayyana ne inda haske ya yi ƙaranci. Cikin Kurmi akwai layukan da rumfuna suka haɗe ta sama, tsakar rana ma kamar magariba. Tsarin dare na waya yana ɗaukar hotuna da yawa cikin daƙiƙa biyu ko uku ya haɗe su, don haka in tarin ƙwarya ne ko jerin linzami da likkafa a rataye, zai fito tas. Amma hannun mai ɗinki ba ya tsayawa, gudumar 'yan bugu ba ta jira, mai shayi da ke ɗaga kofi sama yana sheƙawa bayan magariba ba zai daskare maka ba. Waya za ta ba ka hannu mai yatsu kamar hayaƙi. Kyamara da ɗan idon nan mai arha na 50mm f/1.8, wanda ke buɗewa sosai haske ya shiga, za ta tsayar da zaren shayin a iska, ta narkar da abin da ke baya. A nan ba gasa.

Sai hadari, wanda shi ne babban rabon mai fita a damina. A Kano daga gabas yake haɗowa. In ya taso da la'asar sakaliya, gabas ta yi baƙi ƙirin, rana kuma tana yamma ba ta faɗi ba, haskenta ya daki jan bangon ƙasa, zanko da indararo su fito kamar an zana su. Minti kaɗan ne. Waya tana ganin wannan duhu a matsayin matsala, sai ta haskaka shi, hadarin da ya ba ka tsoro ya koma toka-toka. Maganinsa ba wuya: ka taɓa fuskar wayar a wurin da ya fi haske, ka ja alamar rana da ta fito zuwa ƙasa har sai saman ya koma yadda idonka ke ganinsa. Wanda ya koyi wannan kaɗai ya rage rabin tazarar da ke tsakaninsa da mai kyamara.

Nisa ma na kyamara ne. Babban idon waya mai faɗi ne, kusan daidai da 26mm, kuma wannan shi ake so a lungunan cikin gari inda ba ka da wurin ja da baya. Amma ka hau Dutsen Dala ka ga yadda yake yi da birni. Kai idonka yana ganin koren tulluwar Babban Masallaci da hasumiyoyinsa, yana ganin Goron Dutse, yana ganin kududdufan da suka cika suna ƙyalli. A waya duk sun zama ɗige-ɗige a can ƙarshen hoto, rabi sama, rabi rufin kwano. Ka zuƙo da yatsu, hoton ya farfashe, sai in wayar mai tsada ce da ke da ido na musamman don nesa. Kyamara da ido mai kaiwa 200mm za ta jawo masallacin, ta matse unguwannin da ke tsakani su hau kan juna. Haka nan adon dagi da ke can saman soro, ko shirwa a kan hasumiya. A shekarun nan watan Rabi'ul Awwal a damina yake faɗowa, don haka mai wannan zagaye zai iya dacewa da Takutaha, mako guda bayan Mauludi, ranar da jama'a ke cika Dala. Daga nesa ake ɗaukar wannan, da dogon ido. Shiga tsakiyar turmutsutsun da abu mai tsada a hannu, ko wanne ne, ba dabara ba ce.

Ruwa kuwa ba ya barin kowa. Manyan wayoyin Samsung da iPhone suna da shaidar jure ruwa ta IP68, wasu matsakaita IP67, amma ƙananan wayoyin da suka fi yawa a hannun mutane ba su da ita, ko kuma yayyafi kawai suke iya ɗauka. Kyamarorin masu koyo su ma ba a toshe su ba. Bambancin shi ne waya leda ɗaya ta ishe ta, ka ƙulle ka jefa aljihu. Kyamara sai jaka, jakar ma sai leda. Iskar da ke gaban hadari tana tahowa da ƙura da ledoji, wanda ya kuskura ya sauya ido a lokacin ya zuba wa sensa ƙasa, kuma zai riƙa ganin ɗigon a kowane hoto har sai an wanke. Ga laima ta watan Agusta, lokacin malka. Kyamarar da aka ajiye a jiƙaƙƙiyar jaka a ɗaki mai sanyi, fumfuna na iya tsirowa a cikin gilashin idonta, kamar saƙar gizo, kuma fitar da ita aiki ne. 'Yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, a tara su a zuba a jakar. Mai waya kuma ya sani jiƙaƙƙiyar fuska ba ta jin yatsa, sai ya riƙa ɗauka da maɓallin ƙara sauti.

Yanzu ga dalilin da na ce bai shafi kyawun hoto ba. Ƙwacen waya a Kano ba labari ba ne, an rasa rayuka a kansa, kuma mai wannan zagaye yana yin daidai abin da ake hana mutane: yana tafiya a ƙasa, shi kaɗai, a unguwar da ba tasa ba, ya ɗaga waya sama da hannu biyu, hankalinsa duk yana kan fuskarta. Wayar nan kuwa ba hotuna kaɗai ke cikinta ba, akwai layinka, da manhajar banki, da lambobin mutane. Kyamara ta fi jan ido, amma ba ta da kasuwar da waya ke da ita, ba kowane ɓarawo ne ya san inda zai kai ta ba, tana rataye a wuya, kuma in ta tafi ba ta tafi da asusunka ba. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a ma'auni. Wanda zai yi da waya, in da hali ya nemi tsohuwa ta biyu wadda ba layi a ciki, ya sa mata igiyar hannu. Ya fi son safiya, bayan gari ya waye mutane sun fito, a kan bayan magariba. Ya jingina da bango in zai ɗauka. Wuraren da ganuwa ta yi nisa da gidaje, kada ya je shi kaɗai. Da ɗan gari akan ci gari: abokin makaranta ko na aiki da ke zaune a unguwar, in ya raka ka, ya fi kowace dabara, kuma shi zai ce wa masu zaman dakali "baƙona ne". In kuma tsautsayi ya afka, a miƙa abin, kada a yi kokawa.

Bayan an dawo gida fa? A nan ne kyamara ke kashe wa mutane gwiwa ba su ankara ba. Mai waya tun a cikin a-daidaita-sahu ya zaɓi hotonsa, ya ɗan gyara shi a Snapseed ko Lightroom, ya ɗora, aikin ranar ya ƙare. Mai tsohuwar kyamara irin 600D, wadda ba ta haɗuwa da waya ta iska, sai ya zare memori, ya nemi abin karanta shi, ya kunna kwamfuta in akwai caji, ya zauna tace hotuna ɗari biyu, kowane ɗanyen hoto ya haura megabayit ashirin. Yau ya ce sai gobe, gobe sun zama na kwana biyu, ran nan sai a ji shiru. Ɗan abin karanta memori da ake soka wa waya kai tsaye yana rage wannan wahala sosai, kuma ba shi da tsada. Ta fuskar batir dai kyamara ce gaba: caji ɗaya yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna, zai yi maka kwanaki, alhali waya da aka ƙure wa haske a waje tana zuƙe caji, ga shi da ita za ka kira gida. Wanda zai tura wa wani hoto ta WhatsApp don a wanke, ya tura shi a matsayin takarda, in ba haka ba manhajar za ta matse shi. Hoto mai megafiksel 12 yana wankuwa da kyau a girman takardar A4. Mai burin manna babban hoto a bango ko baje koli, wannan ya koma layin kyamara.

Kuɗi ba sai an ja ba. Waya kana da ita. Kyamara ko ta hannu ce, farashinta yana bin dala, kuma ba ita kaɗai za ka saya ba, akwai memori da batir na biyu da jaka. Wanda zai sayi ta hannu ya tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, don wadda ta yi shekaru tana zaga bukukuwa ta sha wuya, ya kuma haska tocila ta cikin idon ya duba fumfuna. Akwai ƙananan kyamarori masu babban sensa da aka yi su don irin wannan yawo, Sony a6000 ta 2014, ko Ricoh GR III ta 2019 da ke shiga aljihu, ko dangin Fujifilm X100. Su ne suka haɗa alherin ɓangarorin biyu, amma biyun ƙarshe suna da tsada, kuma in suka lalace samun mai gyara da kayan gyara sai an sha yawo.

Sai a tambayi kai: me nake nema da kwana talatin ɗin nan? Wanda ke son hoto ya zama sana'arsa, ya riƙa ɗaukar biki ko ya yi aikin jarida, ya ɗauki kyamara ko da ta fi wahala, don wata guda na fita kullum zai zaunar masa da abubuwa ukun da waya ke ɓoye masa: buɗewar ido, saurin ƙiftawa, da ƙarfin jin haske. Fati Abubakar da kyamara ta bi titunan Maiduguri tun daga 2015 tana nuna rayuwar yau da kullum a aikinta na Bits of Borno, lokacin da duniya ba ta jin komai daga can sai tashin bam. Wanda kuma birnin yake son gani, ya san unguwannin da shekara da shekaru yana wuce su a mota, waya ta ishe shi har da ragi. Shafin Everyday Africa, wanda Peter DiCampo da Austin Merrill suka fara a 2012, da hotunan waya ya tashi, kuma ba wanda ya raina shi don haka.

Ga mai neman tsarin da zai hana shi tsayawa a ƙofar gida yana tunanin ina zai nufa, ƙofofin gari sun yanke masa wahala. Goma sha biyar ake lissafawa, in aka ba kowace kwana biyu, wata ya cika: rana ɗaya ƙofar da abin da ke wajenta, rana ɗaya unguwar da ke cikinta. Daga Ƙofar Nasarawa a bi ta Sabuwar Ƙofa da Ɗan Agundi da Na'isa da Gadon Ƙaya, a zagaya ta Famfo da Dukawuya da Kabuga da Kansakali, a ɓullo ta Waika da Dawanau da Ƙofar Ruwa, a sauko Mazugal da Wambai, a ƙare a Ƙofar Mata. Kada a sa ran ganin abin da ke cikin tsofaffin hotuna. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, yau a wurare da yawa tudu ce kawai da aka ɗebi ƙasarta aka yi gini a kai, ƙofofi da dama kuma an rushe su an sake su da siminti don titi ya samu hanya. Wannan ma abin ɗauka ne, kuma kusan duk aikin ido mai faɗi ne, wato aikin waya. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a tambayi ma'aikata ƙa'idar ɗaukar hoto kafin a fara. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, gidan yari da shingen bincike kuwa, ko wanne ka riƙe ka sauke shi, kuma tun rikicin sarautar 2024 kewayen Gidan Rumfa da gidan sarki na Nasarawa sun shiga wannan sahu a duk lokacin da ka ga jami'an tsaro sun yi yawa.

Cikin kwanakin nan talatin, waɗanda kyamara za ta sauya sakamakonsu da gaske ba su da yawa: ranar hawa Dala, ranar shiga duhun Kurmi, ranar marina, da wata magariba guda a teburin mai shayi ko tukubar mai tsire. Waɗannan ba su kai a sayi kyamara dominsu ba, aro ya wadatar. Masu hoton biki daga Alhamis zuwa Lahadi suke cikin aiki, Litinin da Talata kayansu a ajiye suke, don haka in kana da aboki ko ɗan uwa a sana'ar, a waɗannan ranaku za ka tunkare shi. Ka je da memorinka, kada ka taɓa nasa, hotunan amaren mutane ne a ciki. Ka roƙe shi ya saita maka ita a kan Av in Canon ce, ko A in Nikon ce, wato tsarin da kai ke zaɓar buɗewar ido kawai, ya bar ISO, wato ƙarfin jin haske, tana zaɓar kanta, ya nuna maka yadda ake ɗora ɗigon saiti a kan idon mutum. Ka mayar masa kafin Laraba da daddare, da batir a cike.